Me ya sa kulorin ya fi fulorin kwaɗayin ilektron?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. An koya mana cewa kwaɗayin ilektron, wato makamashin da atom ke saki idan ya karɓi ƙarin ilektron, yana raguwa daga sama zuwa ƙasa a jadawalin sinadarai. To me ya sa fulorin ke da 328 kJ/mol, kulorin da ke ƙarƙashinsa kuma 349? Kuma ko akwai aikin kammala digiri da za a iya cirowa daga nan ba tare da manyan na'urori ba?

Amsa ta ɗaya: Wa alaikumus salam. Matsalar ƙanƙantar fulorin ce. Ilektron bakwai sun riga sun cunkushe a zobe na biyu, sabon shigowa yana shan turi daga 'yan gida, sai makamashin da ake saki ya ragu. A 3p na kulorin, wato obital (mazaunin ilektron) na zobe na uku, akwai sarari. Haka abin yake ga oksijin (141) da salfa (200), da kabon (122) da silikon (134). Daga kulorin zuwa ƙasa ne ƙa'idar ke tafiya daidai: buromin 325, aidin 295. Naitrojin ma ya fi ba da mamaki. Obital ukun 2p kowanne na da ilektron ɗaya, sabo dole ya shiga kan wani, shi ya sa N⁻ ba ya tsayuwa. A kula da alama: wasu littattafai suna rubuta −349, abu ɗaya ne.

Amsa ta biyu: Aikin kwamfuta ya ishe ka, ɗan'uwa. Sauke Psi4 ko ORCA, manhajojin lissafin sinadarai. Lissafa makamashin atom, sannan na ayon mai ƙarin ilektron, ka ɗebe na biyun daga na farkon, ka ninka da 2625.5 don juya hartree (ma'aunin makamashin da manhajar ke bayarwa) zuwa kJ/mol. Wurare biyu ne ake yawan faɗuwa. Na farko, amfani da cc-pVTZ maimakon aug-cc-pVTZ a matsayin tubalan da manhajar ke gina obital da su: ƙarin ilektron ɗin yana yawo nesa da cibiya, in ba “aug” lambar za ta fito ƙasa sosai. Na biyu, yanayin juyi, wanda ya danganta da yawan ilektron marasa abokin zama: Cl dabulet ne (ɗaya), Cl⁻ singilet (babu), O tiripilet (biyu), O⁻ dabulet. Kada ka dogara da makamashin LUMO (obital mafi ƙarancin makamashi da babu ilektron a ciki), ba ya ba da amsa mai kyau. Gwada hanyoyin lissafi na B3LYP da CCSD(T) daga Li zuwa Cl, ka kwatanta da ƙimar gwaji.

Amsa ta uku: Madalla da bayanin Malam mai amsa ta biyu. Sai dai in aka gangara zuwa aidin, dole a rage kusan 30 kJ/mol daga amsar lissafin saboda cuɗanyar juyin ilektron da obital. A kulorin 3.5 ne kawai, shi ya sa ake mantawa da ita. Mai son ya zurfafa ya duba zinariya: 223 kJ/mol, har takan zama Au⁻ a CsAu, haɗinta da sisiyom. Na astatin kuwa sai a 2020 aka wallafa awonsa daga ISOLDE, sashen gwaji na cibiyar bincike ta CERN, 2.416 eV, wato kusan 233 kJ/mol.