Wa Ke da Maganin Zuciya?

Mai Takaba, Rigasa:
Salamu alaikum. Yau kwana 23 da rasuwar maigidana.

'Yan uwa ku taimake ni,
Barci ya yi nisa da ni,
Tuwo ma ya gundure ni,
Wa ke da maganin zuciya?

Hularsa na nan jikin ƙusa,
Butarsa na ajiye a ƙasa,
In an kira Asuba a Rigasa,
Sai in ji kamar zai gyara murya.

Inna, Tudun Wada:
Sannu 'yata, Allah Ya jiƙan sa,
Ya sa Aljanna ce makomarsa,
Nawa shekara tara yana ƙasa,
Zafin nan na san shi, ɗiya.

Ki aiki yaro Kasuwar Barci,
Na'a-na'a ɗanya, ba ta da ɗaci,
Dafa da kanumfari, in kin ci,
Sa zuma ki sha kafin kwanciya.

Malam, Kawo:
Allah Ya ba da haƙuri. Ga abin da ya zo a Bukhari da Muslim.

Nana A'isha in an yi rashi,
Mata sun watse, sai ta tashi,
Ta sa a dama kunu a sha shi,
Talbina, abincin mai jinya.

Garin sha'ir ne da madara,
Da zuma kaɗan in za ki ƙara,
Manzon Allah ya yi bushara,
Tana ɗauke sashen baƙin cikin zuciya.

Mai Takaba:
Malam, sashe na ji ka ce,
Sauran fa, da me zai wuce?
Na sha jiƙo safe da maraice,
Kukan bai ragu ba ko ɗaya.

Malam:
Annabi Yakubu ya sha kuka,
Idanunsa suka yi fari duka,
Bai kai ƙara ba sai ga Mai Duka,
Hawaye ba saɓo ba ne, Hajiya.

'Yar Barnawa:
Anti, don Allah ki guji ƙullin garin da ake talla da lasifika, ba ki san me aka daka a ciki ba. In kina shan maganin hawan jini ko na suga, likita ya san jiƙon da kike haɗawa.

In makonni sun ja, ba ci,
Ba barci, rai na ta ƙunci,
Barnawa akwai likitoci,
Takaba ba ta hana neman lafiya.

Inna:
Gobe da hantsi ina hanya,
Da sha'ir ɗina da tukunya,
Bar min ƙofa a buɗe, ɗiya,
Mu dama mu sha a tabarma ɗaya.

Mai Takaba:
Allah Ya kawo ki lafiya, Inna. Akwai madara a gida.