Wace kalma za ta ɗauki "uzla" a fim ɗin yaran gudun hijira?

Ɗan Kassala: Salamu alaikum. Ina sa rubutun Hausa a ƙasan wani gajeren fim da za a haska ranar Juma'a. Labarin yaran da yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya koro daga Khartoum ne, suka sake gudu da Wad Madani ta faɗi a Disamba. Akwai wata yarinya a makarantar da aka mayar mafaka, aji cike da mutane, amma ba ta tanka wa kowa. Mai ba da labari ya ce da Larabci tana cikin "uzla". Me zan rubuta?

Ummu Hafsa: Kaɗaici mana.

Ɗan Kassala: Yaya, ai ba ita kaɗai ba ce, ko wurin shimfiɗa tabarma babu.

Malamin Gadarif: Kada ka sa killacewa, tun korona ta koma ta asibiti. Keɓewa kuma da niyya ake yi, ita ba ta zaɓa ba. Halwa kuwa, a nan Sudan sai a zaci makarantar allo kake nufi.

Baban Sadiƙ: Maraicin zuci. Ku faɗa da baki ku ji nauyinsa.

Ummu Hafsa: Baba, idan iyayenta na raye fa? Yawancin yaran nan rabuwa suka yi da nasu a hanya. Uwa ta gani an kira 'yarta marainiya?

Baban Sadiƙ: Na ce na zuci! Ku dai sai abin da aka faɗa a rediyon Kano kuke yarda da shi.

Bakon Jidda: Gaskiya Hausarku ta Sudan rabinta Larabci ce, ku bar uzla ɗin kawai.

Malamin Gadarif: Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, har yau da Hausa ake kiran yaro a can. Ba daga Jidda za a koya mana ba.

Ɗan Kassala: Don Allah iyayena, Juma'a ta matso. Zan sa "kaɗaici a cikin taro". Ya ɗan yi tsawo, amma yaro zai gane.

Baban Sadiƙ: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Sa shi wannan karon.