Korona ta cinye min damina, kuɗin bincike kuma Disamba zai ƙare

Ɗalibar Noma:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina digiri na uku ne, bincikena kan manoman shinkafa a fadamar Haɗeja, tsarin shi ne in zauna da su tun daga shuka har girbi. To tun Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, Afrilu aka sa kulle a Kano, hanyar jiha zuwa jiha kuma ba a buɗe ba sai 1 ga Yuli, kafin na isa har an gama noman farko. Tallafin da na samu Disamba zai ƙare. Wallahi abin ya hana ni barci, ya zan yi?

Malamin Jami'a:
'Yata ki kwantar da hankalinki. Yau ɗin nan ki tura wa masu tallafin imel ki nemi ƙarin wa'adi, ki faɗa musu ƙarara lokaci kike nema ba kuɗi ba, wannan ya fi saurin karɓuwa. Kar ki taɓa kuɗin tafiya ki yi wata hidima da shi sai sun yarda a rubuce, kuma ki adana kowane rasit. Sufabaizanki, wato malamin da ke duba bincikenki, yana yajin aiki ne fa amma wayarsa tana shiga, ki kira shi.

Yayar Ɗalibai:
Ni ta waya na ƙarasa nawa, wani malamin gona ya haɗa ni da mutane ina tura musu kati, bayan isha'i nake kira lokacin sun dawo gida. Amma ƙanwata ki yi hattara, matan da yawa wayar maigida ce, yana zaune a gefe tana ba ki amsa, duk abin da ya shafi bashi ko kuɗin da take samu a turara shinkafa sai ta ce "lafiya lau" kawai. Ga rashin netwok, ga rashin caji. Dole ki rubuta wannan giɓin a babin hanyar bincike, ki kuma sabunta izinin kwamitin da ke kula da ƙa'idojin bincike tunda hanyar binciken ta canja.

Ɗan Fadama:
Hajiya mu mutanen can ne, ai damina ba ita kaɗai ba ce. Ana gama girbi ake shirin noman rani, injin ban ruwa ko'ina. Me zai hana ki karkata can?

Ɗalibar Noma:
Allah ya saka da alheri. Malam na tura imel ɗin yanzu. Ɗan Fadama, wane wata kuke fara dashe a wajenku?