Riƙe zuciya a wurin aiki: shawarwarin zaman Aboabo

A zaman da matasa suka yi da dattawan sana'a a Aboabo, Kumasi, shawarar da aka fi nanatawa ita ce mutum ya san abin da ke cin ransa kafin ya buɗe baki: fushi ne, kunya ce, ko gajiya kawai?

Wani tsohon tela ya daɗe a kan gyaran kuskure. Ya ce idan yaron shago ya ɓata yanka, kada maigida ya tsawata masa a gaban mai kaya. A ja shi gefe, a shimfiɗa yadin, a nuna masa inda almakashi ya kauce. Yaron da aka kunyata, gobe ɓoye ɓarnarsa zai yi, asara ta ƙaru. Wannan magana ta shige ni ƙwarai.

Wata Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia ta ce a riƙa lura da fuskar abokin aiki, musamman inda Bahaushe, Ashanti da Dagomba suke aiki tare, domin shirun wani ladabi ne, na wani kuwa ɓacin rai. Masu aikin ofis kuma an ja kunnensu: kada su amsa saƙon WhatsApp na shugaba da zafin rai, su bari su huce, su same shi ido da ido.