Wace Pokédex zai kwaikwaya?

Wani ƙanenmu mai gyaran waya a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, Legas, yana son ƙera murfin waya mai siffar Pokédex, na'urar da ke adana bayanan halittu a wasannin Pokémon, muka taru a shagonsa ana ta musu. Mafi yawa suka ce ya ɗauki ta farko, ta 1996: ja, tana buɗewa kamar littafi, ga shuɗiyar fitila a kusurwar sama, daga nesa ma an gane ta. Ta wasannin Diamond da Pearl, 2006, allo biyu gare ta irin na na'urar wasa ta Nintendo DS, kyakkyawa ce, amma mahaɗinta ba zai jure matsin motar haya ta danfo ba. Ta 2019 kuwa, Rotom Phone, ai waya ce kawai, me ya rage a ƙera? Wani ya ce ya fara gwadawa da kwali tukuna.