Neman kalma: desalination a cikin yarjejeniyar ruwa

Mai fassara: Salamu alaikum. Ina kan sashen ma'anar kalmomi na wata yarjejeniyar samar da ruwan sha, kuma gobe da safe zan miƙa. Kalmar da nake nema ita ce desalination, wato raba ruwa da gishirinsa, kuma ta haɗa ruwan teku da na rijiya mai ɗan gishiri. Na sa "tace gishiri". Ya yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Bai yi ba. Tacewa matakin farko ne: yashi, sannan matata mai ƙofofin maikuron 5 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Gishirin da ya narke wucewa yake yi abinsa. Ana raba shi ne da matsi ta fatar roba, matsin da ya kai 55 zuwa 80 a ma'aunin bar ga ruwan teku, ko a tafasa a kama tururin. Na biyun ai ba tacewa ba ne.

Barista: Kuma ki guji "cire". In kin ce cire, ɗan kwangila ya ɗauki alkawarin fitar da gishirin kaf, ga shi ruwan teku giram 35 ne a lita, kuma ko bayan aikin akan bar 'yan miligiram ɗaruruwa. Ki sa "rage gishirin ruwa", ki ɗaure shi da adadi. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya miligiram 500 ne a lita. Na rijiya kuwa sunansa ruwan zartsi, ki ba shi ma'anarsa daban.

Malam: Kalma uku don abu ɗaya? Muna cewa ruwan daɗi, to "daɗaɗa ruwa". Shi ke nan.

Barista: Allah gafarta Malam, wannan tahliya ce ta Larabawa ka sa wa hula. Alƙali zai tambaya ko sukari aka zuba.

Malam: To laifi ne? Alƙalin kansa daga ina kuka samo shi? Ku 'yan boko in abu bai bi ta Ingila ba, ba ya muku ƙamshi.

Injiniya: Ku bar wannan. Akwai inda rigima take: rabin ruwan teku ko fiye yana komawa da gishiri kusan ninki biyu, kuma wurin zubar da shi ake neman lasisi. Shi ma yana buƙatar suna. A Bilma da an shanya shi ya zama kantu.

Mai fassara: Na ɗauki "rage gishirin ruwa" da "ruwan zartsi". Wancan na sa "ragowar ruwan gishiri" kafin a samu wanda ya fi.

Malam: A takardarki dai. Ni a aji daɗaɗawa zan ce.