Tsofaffin fayilolin mahaifina na ARJ sun ƙi buɗuwa a Linux

Ɗan_Autan_Malam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna gyara ɗakin mahaifina, Allah ya jiƙansa, na tarar da faifan fulofi guda biyar a cikin ambulan, ya rubuta "Takardu 1996" a jiki da hannunsa. Na sami na'urar karanta fulofi ta USB na kwashe abin da ke ciki. Na farko sunansa TAKARDU.ARJ, sauran kuma A01, A02 da A04. Faifai ɗaya ya ƙi karantuwa sam, ina jin shi ne A03. Da na gwada buɗe na farkon da 7z, manhajar buɗe matsattsun fayiloli, wasu fayiloli sun fito, amma na ƙarshe ya fito a guntule. Ubuntu, wani nau'in Linux, nake amfani da shi. Rubutunsa ne na shekaru, ba na so ko shafi ɗaya ya salwanta. Me zan yi?

TsohonMaiDOS:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Kafin komai, ka yi kwafin fayilolin nan a wata jaka daban, ka yi aiki a kan kwafin kawai.

ARJ tsari ne na matse fayiloli da Robert Jung ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1990. Mun so shi a lokacin ne saboda ya iya yanka babban kundi gunduwa-gunduwa daidai cikin fulofi mai 1.44MB. Guntulallen fayil ɗin da ka gani bai lalace ba, ragowarsa tana cikin A01. Saka ainihin manhajar:

sudo apt install arj

Sannan ka shiga jakar ka buga:

arj x -v takardu.arj

Wannan -v ɗin shi ke gaya masa kundin yana da ci gaba. Ka lura, x na ce, kada ka sa e, domin e zai zube maka komai wuri ɗaya ba tare da jakunkunan da Baba ya tsara ba. Idan ya ce bai ga gunduwa ta gaba ba, mayar da sunayen duka zuwa ƙananan baƙaƙe, don Linux na bambanta A01 da a01.

Hajiya_Taskar_Bayanai:
Ƙanena, kada ka fid da rai da faifan A03 ɗin nan. Gwada shi da ddrescue, manhajar ceto bayanai daga faifan da ya lalace, yana komawa kan wurin da ya ƙi karantuwa sau da yawa, ya tsamo abin da zai iya. Ni na taɓa ceto faifan da na ɗauka ya mutu ta haka. Idan ka sami ko rabinsa ne, sa -jr a umarnin arj ya lallaɓa ya fitar da masu sauran rai.

Ko da ma bai dawo ba, kowace gunduwa tana da jerin sunayenta. Buga arj l takardu.a04 ka gani. Abin da za ka rasa shi ne na cikin A03 da fayilolin da suka ratsa ta cikinsa.

Ɗan_Autan_Malam:
Alhamdu lillahi! Na gode TsohonMaiDOS, na gode Hajiya. Daga na farko zuwa A02 duk sun fito, A04 ma ya ba ni fayil goma sha ɗaya. Na duba su da umarnin file mai nuna nau'in fayil, ashe na tsohuwar manhajar rubutu ta WordPerfect ne, kuma manhajar ofis ta LibreOffice ta buɗe su. Na farkon da na karanta wasiƙa ce da mahaifina ya rubuta wa yayana ranar da aka haife ni. Yanzu haka ddrescue na kan faifan A03, ina zaune ina jiransa.